Kafet a Ajin Anti Sanɗa

Shafi na 23

Masu cika min waya da saƙo tun kafin in wanke ido, ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma da kika rubuto cewa in na bari aka taɓa Anti Sanɗa kin daina karantawa, yi haƙuri 'yar'uwa, ni ma ba da son raina ba.

Wanda yau ya shigo, ga inda muke. Shekara goma sha tara Anti Sanɗa tana riƙe da aji uku, ajin nan na saman bene mai daɓen katako. Shekara uku ke nan da wani zazzaɓi ya tafi da jinta gaba ɗaya, kuma duk makarantar ba wanda ya sani sai ƙanwarta Auta, malamar aji biyar. Da ido take karanta bakin mutane, da tafin ƙafa take jin ajinta. Ta koya wa yara cewa a ajinta ba a ɗaga murya: mai tambaya ya buga ƙafa sau ɗaya, in baƙo ya shigo a buga sau biyu. Su yaran wasa suka ɗauke shi. Tun daga lokacin ta ajiye takalmi, makaranta da kasuwa da titi duk a haka take zuwa, har yara suka sa mata Anti Sanɗa don ba a jin tahowarta. Auta ma ta cire nata don kada Yayarta ta fita daban, suka ce wa mutane likita ne ya ce yana maganin ciwon baya.

To, mu je.

Litinin da safe ta murɗa makulli, ta tura ƙofar ajin, ta tsaya cak.

Kafet. Ja, sabo fil, mai kauri kamar katifar jariri, daga bango har bango.

Ta taka. Ta sake takawa. Ta danna diddigenta da ƙarfi.

Ba komai.

Yara suka kutso ta gefenta suna tsalle a kai. Tana ganin suna jan benci, tana ganin wani ya yar da jakarsa, amma ko ɗis bai iso ƙafarta ba. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da likita ya rubuta mata a takarda cewa kunnen ba zai dawo ba.

Ta daure ta ɗauki alli, ta juya ga allo ta fara rubuta kwanan wata.

Yara talatin da huɗu suka buga ƙafa sau biyu a bayanta. Suka sake bugawa. Baiwar Allah tana can tana gyara wutsiyar lamba tara.

Sai da ta juyo don ɗaukar dasta ta ga ajin duk a tsaye. A bakin ƙofa ga Mai Makaranta da kwali a hannu, a bayanta ga Auta, ga Baba Lissafi, tsohon malamin lissafi, ga sauran malamai sun cika baranda suna leƙe.

"Ranki ya daɗe, sannu da zuwa. Ban lura ba."

"Ai na ga alama," in ji Mai Makaranta. Tana murmushi, tana buɗe baki sosai a kan kowace kalma kamar mai koya wa ɗan yaye magana. "Ya kika ga gyaran?"

"An gode ƙwarai. Sai dai katakon ya fi sauƙin shara."

"Shara ba aikinki ba ne. Ko akwai wani abin da katakon yake miki?"

"Babu, ranki ya daɗe."

"Madalla."

Ta ɗora kwalin a kan tebur ta buɗe. Takalmi ne sau ciki, baƙi, ƙasansa roba ce mai kauri ta kai yatsa uku.

"Tsaraba na kawo miki. Daga yau ba malamin da zai sake taka min makaranta ƙafa a ƙasa. Iyaye suna biyan kuɗi, su zo su tarar da malamai kamar masu shiga rafi."

Baba Lissafi ya gyara murya. Shi ne na uku a marasa takalmi. Shi kam tsakani da Allah ya yarda da zancen likitan, shekara biyu yana yawo da faso a diddige yana gaya wa kowa gwiwarsa ta yi sauƙi.

"Ranki ya daɗe, ni dai tun da na cire takalmi nake hawa benen nan ba nishi."

"Baba, kai ma naka yana ofis. Yi min shiru."

Ta dawo da fuskarta kan Anti Sanɗa.

"Sa mana mu gani."

Anti Sanɗa ta dubi Auta. Auta tana tsaye a jikin bango kusa da allo, ƙafa ba takalmi kamar kullum, idonta a kan kafet.

Anti Sanɗa ta zauna ta zura ƙafa. Shekara uku ƙafar ba ta shiga komai ba, yatsun sun baje, sai da ta cije leɓe kafin diddigen ya wuce. Da ta miƙe, ji ta yi kamar an ɗauke ta daga ƙasa an rataye. Ɗan abin da ya rage mata, motsin ginin da nauyin mutane a kan bene, shi ma ya tafi.

"Kin ga yadda kika fito mutum?" in ji Mai Makaranta. Wasu malamai suka yi dariya a baranda. Ni na tsani irin dariyar nan wallahi, ta mutumin da bai ji abin dariya ba, albashinsa kawai yake karewa.

Mai Makaranta ta ja kujerar malama ta zauna, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya.

"Wata magana ta zo min. An ce kunnenki ya mutu."

Anti Sanɗa ta gyara tsayuwa.

"Wa ya ce?"

"Ba shi na tambaye ki ba. Kina ji ko ba kya ji?"

"Ga shi muna magana, ranki ya daɗe."

"Muna magana kina kallon bakina kamar za ki cinye shi."

"Tarbiyya ce, in babba yana magana a dube shi."

"Kai, sannu da tarbiyya!" Ta tafa hannu. "To abu mai sauƙi ne. Ki juya ki kalli allo. Zan kira ki daga nan. Kika juyo lokacin da na kira, ajinki naki ne, ni da kaina zan ba ki haƙuri a gaban yaran nan, in sa a naɗe kafet ɗin. Ba ki juyo ba, ki ajiye min makulli."

Baba Lissafi ya matso.

"Haba ranki ya daɗe. A gaban yara? Ai ko laifi ta yi, ofis ya kamata."

"A gaban yaran take aikin, a gabansu za a gwada."

Anti Sanɗa ta saci kallon gefen allo. Wani ɗan sanyi ya ratsa ta, don ta lura ba a kori Auta daga jikin bango ba. Akwai abin da suka shirya tun tuni su biyu: duk inda suke, in wani ya kira Yaya ta baya, Auta za ta taɓa ɗan kunnenta na hagu. Da shi suka tsallake taron malamai, da shi suka tsallake masu duba makarantu har sau biyu. Daga inda za ta tsaya, da wutsiyar ido za ta hango hannun Auta.

"Na yarda," ta ce.

Ta juya. Ta kafa ido a allo, hankalinta duk yana gefe.

Mai Makaranta ba ta kira ta ba. Sai ta juya ga yara.

"Yara, kun san malamarku kurma ce?"

Yaran suka kalli juna.

"Ku duba. Ina bayanta ina magana. Kurma! Kin ji ni? Shekara uku tana cin amanar iyayenku. Ta mayar da ku dawaki, kuna buga mata ƙafa."

Wata yarinya a layin gaba ta fara kuka. Wani yaro ya shiga buga ƙafa da duk ƙarfinsa, sauran suka bi shi, kafet yana shanye bugun.

"Ku buga da kyau," in ji Mai Makaranta tana dariya. "Ku ƙara. Ko ganga za ku kawo?"

"Ki ji tsoron Allah," in ji Baba Lissafi.

"Kai Baba, da kai ake wasan ai. Shekara biyu kana taka ƙusa da kashin kaji don ciwon gwiwa. Ba likitan da ya faɗa. Ƙarya suka shirya, ka hau ka zauna."

Tsohon ya dubi ƙafafunsa, ya dubi bayan Anti Sanɗa. Kunya ta rufe shi, amma bai ja da baya ba.

"Ko da ƙarya ce, ƙafata ce. Kuma yaran da suka fito daga hannunta su ne suke iya lissafi a ajina. Wannan ba ƙarya ba ce."

"Na ji. Koma gefe."

Ta ɗaga hannu, yara suka daina bugu. Ta ɗora yatsa a leɓe. Ajin ya yi shiru har ana jin fankar ofis daga ƙasa.

Ba ta ce uffan ba. Auta kawai ta kalla, ta ɗaga mata gira.

Jama'a, da ƙyar nake rubuta wannan.

Auta ta ɗaga hannu a hankali ta taɓa ɗan kunnenta na hagu.

Anti Sanɗa ta juyo da sauri, fuskarta cike da murmushi.

"Na'am, ranki ya daɗe!"

Muryarta ta fita da ƙarfi a cikin shirun. Ta tsaya tana jiran a ce ta ci. Ta dubi Mai Makaranta, ta dubi malamai, ta ga kowa ya yi ƙasa da kai. Baba Lissafi ya sa hannu ya rufe idonsa.

"Na'am ɗin wa kike amsawa?" in ji Mai Makaranta.

"Kiran da kika yi."

"Yara, na kira ta?"

Ba su amsa da baki ba. Amma ta ga kawuna suna girgizawa ɗaya bayan ɗaya, wasu da hawaye.

Murmushin ya bushe a fuskarta. A hankali ta juya ga ƙanwarta.

"Auta?"

Auta ba ta ɗago ba.

"Kuskure kika yi ko? Kunnenki ne ya yi ƙaiƙayi. Gaya musu kuskure ne."

"Ba kuskure ba ne, Yaya."

"Ɗago in gani. Ban ga me kika ce ba."

Auta ta ɗago. Idonta jajir, amma ba hawaye.

"Na ce ba kuskure ba ne."

Anti Sanɗa ta dafa tebur. Takalmin ya sa ta yi tangal-tangal kamar mai koyon tafiya.

"Ke kika faɗa?"

"Ni na faɗa. Ni na ce a sa kafet. Ni na ba da lambar takalminki."

"Auta, ni ce fa. Ni na goya ki. Ni na kawo ki makarantar nan, na tsaya a ofishin matar nan na ce in kin yi laifi a kore ni."

"Na sani. Kullum sai kin tuna min."

"Me na yi miki?"

"Shekara uku ni ce kunnenki. Ni ce wayarki, ni ce mai amsa miki sallama. Dubi ƙafata." Ta ɗaga diddige, duk ya tsage. "Mijina ya daina fita da ni. Dangin mijina suna cewa taɓin hankali ne a gidanmu. Na taɓa yi miki ƙorafi?"

"Da kin gaya min, ai da na ce ki sa takalminki."

"Ba takalmi ba ne."

"To mene ne? Ajin kike so?"

Mai Makaranta ta sa baki tana gyara zobe. "Ajin kam nata ne daga yau. Amma ba ita ta roƙa ba, kada ki ɗauki alhakinta."

"Auta, don girman Allah, me na yi?"

Nan Auta ta yi abin da har yanzu na kasa yafe mata. Ta ja gefen mayafinta ta rufe bakinta da shi, sannan ta fara magana.

"Ranar Alhamis waccan, lokacin hutun ƙarfe tara, yara duk sun fita. 'Yata da ke ajin nan ce kaɗai ta zauna, don ƙirjinta yana damunta. Maganin shaƙarta yana cikin jakar Yaya, ni na ba ta ajiya da hannuna."

"Auta, sauke mayafin," in ji Anti Sanɗa.

"Numfashinta ya sarƙe. Ita ce ƙarama a ajin nan, in ta zauna a benci ƙafarta ba ta kai ƙasa. Da me za ta buga? Ta yi ta kira, Inna, Inna, yadda ta saba kiran Yaya. Innarta tana nan ta juya baya tana cika allo da rubutu."

"Ba na gani! Auta, ba na ganin bakinki!"

"Allah ne ya kawo ni wucewa. Na tarar leɓenta ya yi baƙi, idonta ya kakkafe. Na zaro maganin daga jakar, na ɗauke ta na fita da gudu. Ni ma ba takalmi a ƙafata, har na sauka daga bene matar nan ba ta juyo ba. Da yamma take ce min, ''yarki ta gudu wasa ba ta kwafi aiki ba, ki yi mata faɗa.'"

Wata malama a baranda ta ce, "Innalillahi." Waɗanda ɗazu suke jin tausayi fuskarsu ta sauya. Har Baba Lissafi ya buɗe baki ya kasa rufewa.

Anti Sanɗa tana ganin fuskoki suna juyewa a kanta, ba ta san dalili ba. Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Me ta ce? Baba, me ta ce?"

Tsohon ya kau da kai.

"Ku gaya min mana! A kaina ake magana!"

Ta nufi Auta za ta janye mayafin, takalmin ya harɗe ta a kafet, ta zube a kan gwiwa a gaban yaranta. Ba wanda ya yi dariya. Ba kuma wanda ya miƙa mata hannu.

Mai Makaranta ta tashi, ta ɗauki alli daga kan tebur.

"Kada ki wahalar da kanki. Karatu dai kin iya."

Ta sa dasta ta goge kwanan watan da Anti Sanɗa ta rubuta. Ta fara da manyan baƙaƙe yadda na bencin ƙarshe ma zai gani. Ba ta rage komai ba: ranar, lokacin, maganin da ke cikin jaka, baƙin leɓe. Yara 'yan aji uku, waɗanda Anti Sanɗa ce ta koya musu haɗa baƙi, suna bi suna karantawa da motsin baki. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya nata na kanta, ta ja masa layi biyu: KIN KUSA KASHE TA.

Anti Sanɗa ta karanta daga inda take durƙushe. Ta sake karantawa.

Ta juya ta nemi yarinyar. Tana can benci na biyu daga ƙarshe, ta ƙanƙame jakarta, ƙafafunta suna lilo a sama da kafet.

Da gwiwa ta ja jiki har gabanta.

"'Yar Inna. Dube ni. Gaskiya ne?"

Yarinyar ta dubi uwarta, ta dubi Innarta, ta gyaɗa kai.

"Kin kira ni?"

Ta sake gyaɗawa.

"Sau nawa?"

Yarinyar ta saki jakar. Ta ɗaga hannu ɗaya, yatsu biyar a buɗe. Ta ɗaga ɗayan. Ta dunƙule su, ta sake buɗewa.

Wani sauti ya fita daga bakin Anti Sanɗa wanda ita ba ta ji ba, amma har masu aji ɗaya a ƙasa sun ji shi. Ta kai hannu za ta taɓa fuskar yarinyar.

Auta ta riga ta. Ta fizge 'yarta ta mayar bayanta.

"Da kin gaya min," in ji Anti Sanɗa, hawaye yana shiga bakinta. "Wallahi da kin gaya min a gida, ni da ƙafata zan sauka in ajiye aikin. Me ya sa sai a nan? Me ya sa sai a gabansu?"

Auta ta tsaya a kanta. Ta saki mayafin ya sauka daga bakinta. Ta sunkuyo daidai fuskar Yayarta yadda ba harafin da zai ɓace mata, ta miƙa tafin hannu.

"Yaya, makullin."